Hayaniyar da Ilu Ya Goge

Shekara biyar ke nan da muka sallaci Iliyasu Tawa, wanda duk unguwar Karantina ta sani da Ilu Mai Hoto. Jiya na bi ta lungunsu da rana tsaka, lokacin da zafin Jidda ke korar kowa cikin ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofarsa, sai na ji kamar na faɗa cikin ɗaya daga hotunansa: bango, labule, inuwa, babu mutum. Ban iya daɗewa ba. Wannan shirun, da hannuna a cikinsa.

Ilu direba ne a wani sito da ke Khumra. Tun yana saurayi ya zo daga Nijar, Larabci ya zauna a bakinsa, Turanci kuwa ko na gaisuwa babu. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, shi ne ya ba shi tsohuwar kamara da ya sayi sabuwa. Wani abokin aiki ya nuna masa cewa akwai kamfanoni a intanet da kowa ke iya aika wa hoto. In sun karɓa, sai su baje shi a kasuwarsu, masu jarida da masu talla su saya, a ba mai hoto kasonsa. In sun ƙi, sai su aiko da dalili a taƙaice, da Turanci. A nan na shigo. Ni mutumin Gusau ne, a aji biyu na sakandare na bar makaranta, ina tsaron shagon kayan waya a unguwar Madain Fahd. Amma a garin makafi mai ido ɗaya ne sarki, saboda haka ni ne mai fassara.

Hoton farko da ya aika na matarsa ne, Rabi, tana suyar ƙosai a ƙofar gida da magariba. Rabi ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ko inuwar kamara ta gani sai ta ja mayafi. Ranar nan kaɗai ta yarda. Ta fito tana dariya, ga masu wankin mota sun yi layi, ga wani tsoho mutumin Chadi yana neman gyara. Da amsa ta zo muka je shagon intanet tare. Sun ƙi hoton, kuma dalilin kalma ɗaya ce, wadda na sani tun aji huɗu na firamare: ita malami ke rubutawa a allo a kan sunayen masu surutu.

Na ce, "Sun ce hoton ya yi hayaniya."

"Hayaniya? Malam Sani, hoto ne fa, ba rediyo ba."

Nan ne ya kamata in ce ban gane ba, mu tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Maimakon haka na gyara zama na ce, "Dubi yadda mutane suka cika shi. Bature ba ya son cinkoso."

Ya ƙura wa hoton ido, sannan ya yi dariya. "Ashe bakin Rabi har Turai ana jin sa. Halas, mun gane."

Ilu yana da hanyarsa ta ɗaukar ƙi. Ba ya fushi, ba ya zagin kowa, ba ya kuma sake aika abin da aka dawo da shi. Cewa yake abin da kasuwa ta ƙi ba ya kwana a jakarsa. A gabana ya danna ya goge hoton Rabi. Daga baya ya bi sauran, duk wanda ke da mutane a ciki, ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya shiga farautar shiru. Ya riƙa fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, yana ɗaukar lunguna kafin kowa ya buɗe ƙofa. Aka dawo da su da kalmar nan dai. Ya same ni a shago yana sosa ƙeya. "Wallahi ko kyanwa ba ta motsa ba. Sai dai in ƙarar mukayyif ɗin maƙwabta mai sanyaya ɗaki suke ji." Na ce masa ya ƙara haƙuri, kunnen Bature ba irin namu ba ne. Allah Ya yafe mini, da gaske na faɗa.

Daga nan ya koma tsakar rana, bayan azahar, lokacin da ko kaji sun nemi inuwa. In akwai ragowar mutane sai ya tafa hannu: "Yalla, a shige, a yi shiru." Mutanen lungu suna son sa, sai su shige suna dariya. A nan aka fara karɓar hotunansa. Ranar da aka karɓi na farko ya kawo mini shayi da gurasa har shago, ya ce daga yau ni ne malaminsa.

Yana raye na san gaskiya. Wani ɗan Pakistan mai gyaran kwamfuta kusa da shagonmu ya faɗaɗa mini hoto wata rana, ya nuna mini ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi a wuraren da suka yi duhu. Ya ce a bakin masu sana'ar, wannan yashin ake kira hayaniya, kuma ƙarancin haske ke kawo shi. Shi ya sa na magariba da na asuba suka faɗi, na rana tsaka suka wuce. Fuskokin mutane suna da nasu sharaɗin na neman izini, amma ba shi aka rubuto mana ba. Rabi ba ta yi wa kowa surutu ba. Fitila kawai hotonta ya rasa.

Kowace Juma'a nakan ce yau zan faɗa masa. Sai in gan shi ya taho yana kirana malam a gaban jama'a, in haɗiye. Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mako ba. Rabi ta bi shi bayan shekara biyu.

Yanzu kowa da kamara a aljihu. Yaran lungun suna ɗaukar abincinsu, da takalmansu, da junansu, ba wanda suke jira ya ce ya karɓa ko ya ƙi. Nakan tambayi kaina me Ilu zai ce in ya ga haka. Ina jin zai fara da tsokana, ya ce duk wannan hayaniyar wa zai saya. In kuma na faɗa masa abin da na ɓoye, na san dariya zai fara yi, don haka yake. Abin da nake tsoro shi ne shirun da zai biyo bayan dariyar, sa'ad da ya tuna waɗanda ya goge. Tsohon nan na Chadi ya rasu. Masu wankin motar an mayar da yawancinsu gida. Ba wanda ke da fuskarsu a nan.

'Yarsa Khadija, haifaffiyar Jidda, tana aure a Madain Fahd. Ta haifi mace aka sa mata Rabi, kuma tun ranar suna take tambayata ko ina da hoton mahaifiyarta, ko guda, don ta nuna wa yarinyar in ta girma. Makon jiya na je gidanta na faɗa mata komai, daga shagon intanet har zuwa yashin. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta ɗauko kwamfuta ta buɗe hotunan babanta, waɗanda har yau suna kasuwa. Ta tsaya a kan na ƙofar gidansu, mai koren labule.

"Ammi, ta'al," in ji ta, wato kawu, zo. "Ka duba nan ƙasa."

Ta faɗaɗa. Tsakanin bakin labule da dandamali akwai yatsun ƙafa, da jan lalle.

"Ƙafar Ummi ce. Ni ina bayanta, na toshe mata baki don dariya take. Baba yana waje yana ta cewa uskutu, a yi shiru, Bature zai ji."

Ta bi hotunan tana gaya mini. A bayan wannan tankin ruwan masu wankin mota ne a tsugune. A wancan soron tsohon Chadi ne yake riƙe tari. Ba ta ce ta yafe mini ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta dai zuba mini shayi.

Wanda ya sayi hoton Ilu a wata ƙasa, tsohon lungu yake gani a garin Larabawa, fayau, ba kowa. Mu da muka san wurin mun san kowane bango cike yake da mutane. Ban san ko wannan ya isa gado ba. Ƙaramar Rabi yatsun kakarta kawai za ta gani, kuma ni na jawo. Amma da na gwada abin da na ɓata da abin da ya rage, na ga Ilu bai taɓa ɗaukar lungun da babu kowa ba. Ya ɗauki mutanen da suka so shi har suka ɓuya dominsa.

Allah Ya jiƙan Ilu da Rabi, Ya haskaka makwancinsu. Ni dai tun daga ranar ba na iya kallon koren labulen nan na daɗe. Suna nan a bayansa, sun riƙe numfashi, suna jiran Ilu ya sauke kamara ya ce, "Halas, ku fito."