Alwalar Maharazu Mai Fenti

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi daga Jibiya a shekarun nan, kafin ya kai shingen kwastan na Magama, ya ga rumfar Maharazu ko da bai san sunansa ba. Rumfa ce ta tsohon kwano, ƙasarta ta rine da shuɗi da ja da kore, har awakin da ke kwanciya a nan ana gane su idan sun koma cikin gari. A nan yake yi wa babura da bodin manyan motoci fenti. Direbobin Nijar suna ce masa Mai Kala, 'yan gida kuma Maharazu Mai Fenti.

A ƙauyen Kusa aka haife shi, gidan manoma. Bai yi nisa a karatu ba, amma akwai abu ɗaya da mahaifinsa ya dasa masa tun yana ƙarami. Wata rana ya idar da sallar la'asar, tsohon ya kama ƙafarsa ya nuna masa ɗigon ƙaro da ya bushe a diddigensa. Ya ce wannan ita ce lam'a, wato gurbin da ruwan alwala bai taɓa ba, kuma wanda ya bar lam'a bai yi salla ba, dungure kawai ya yi. Ya sa shi ya kankare, ya sake alwala, ya sake sallar a gaban mutane. Maharazu bai taɓa mantawa da kunyar ranar ba.

Da ya girma ya tafi Katsina ya koyi fenti a wani gareji, ya dawo ya kafa rumfarsa a bakin iyaka, ya auri Talatu. Hannunsa yana da kyau a aikin. Babur da ya sha wuya a hanyoyin daji, idan ya fito daga rumfarsa sai ka rantse yanzu aka kwance shi daga kwali.

Sai dai fenti ba ƙaro ba ne. Idan ya kama fata, ruwa zamewa yake yi a kansa. Don haka duk lokacin da aka kira salla, Maharazu sai ya ajiye injin feshi, ya jawo galan ɗin tina, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi. Ya tsiyaya a tsumma, ya dirje hannayensa har gwiwa, ya bi tsakanin yatsu, ya bi gefen farce, ya shafe goshi da gemu inda feshi ya sauka. Idan tina ta ƙare, fetur yana nan a kowace kwana ta Magama. Sai fatar ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata toka, sannan ya ɗauki buta.

Limamin masallacin tasha ya taɓa ce masa ɗan abin da ya maƙale wa mai sana'a bayan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ana yi masa rangwame. Maharazu ya yi godiya, ya koma ya ci gaba da dirza. A ganinsa rangwame na ragwaye ne.

Talatu ce ta fara ƙorafi. Ta ce gefen tuwon da ya sa hannu, ko kaji ba sa ci. Ta ce numfashinsa warin gareji yake yi har ranar Juma'a da ba ya aiki. Ta sayo masa safar hannu ta roba da takunkumi, ya riƙa sawa jefi-jefi don a zauna lafiya, yana mita wai safar tana hana shi jin injin a hannunsa.

Ana nan sai Mutmainna, 'yar ƙanwarsa da ke karatun kimiyya a jami'a, ta zo hutun babbar salla. Suna zaune a tsakar gida ƙarƙashin zogalen Talatu, ana suyar nama, ya tsokane ta da cewa an ce wai ɓeraye take kiwo a makaranta, shin abin da aka tura ta yi ke nan? Ta yi dariya, ta ba su labarin aikinta. Ta ce sun raba fararen ɓeraye gida biyu, duka aka ba su wani sinadari ɗan'uwan tina mai lalata hanta. Gida ɗaya aka bar su haka, ɗaya kuma aka haɗa musu da ruwan ganyen zogale. Da aka duba, hantar waɗanda suka sha zogale ba ta lalace kamar ta sauran ba, domin akwai wasu sinadarai a ganyen da ke tare wani ɓangare na ɓarnar.

Maharazu ya ɗaga kai ya dubi bishiyar da ke samansa.

"Wannan dai zogalen da muke kwaɗo da shi?"

"Shi fa, Kawu. Amma a ɓera ne aka gwada, ba a mutum ba. Kuma ragewa ya yi, bai hana ba. Kai dai ka daina wanke hannu da abin nan."

"To mi ya raba hantar ɓera da ta mutum? Ba duk Allah ya yi su ba?"

Aka yi dariya, aka miƙo masa tsoka. Rabin maganar ya ɗauka ya sa a aljihu, ɗaya rabin ya bar shi nan kan tabarma.

Tun daga ranar Talatu ta samu sabon aiki. Kullum da safe ta tafasa ganyen, ta tace, ta ɗan jefa zoɓo don ya shawu, ta cika masa gora. Ita ma hankalinta ya kwanta, domin ta ga ta samu abin da za ta iya yi da hannunta. Safar roba kuwa ta koma abin toshe bakin jarka. Maharazu ya zama mai wa'azin zogale a tasha. Ya fi matsa wa Yusha'u, abokinsa mai fenti a rumfar da ke kallon tasa, da masu zuƙo fetur da baki ta tiyo. Yakan ce musu madarar gwangwani da suke sha bayan aiki asarar banza ce, ga abin da 'yan jami'a suka tabbatar. Goran ya riƙa zagayawa hannu zuwa hannu, har Talatu ta koma tafasawa a babbar tukunya.

Shekarar da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, manyan motoci suka yi layi a Magama ba gaba ba baya. Mutane da yawa sun shiga wahala, amma shi kasuwarsa buɗewa ta yi, don wasu masu motocin sun ga gara a yi musu fenti tunda zaman banza suke yi. Damina ce, kuma yayyafi kaɗan ya isa ya ɓata ɗanyen fenti. Sai ya kewaye rumfar da tamfol ta ko'ina, ya shige ciki yana feshi tun safe har yamma. Idan ya fito kansa na juyawa, sai ya kafa gora a baki, ya goge leɓe, ya ce an wanke hanta.

Gajiya ce ta fara zuwa, sai ƙin abinci. Daga baya Yusha'u ya lura idanunsa sun yi rawaya. Kowa ya ce shawara ce, wa bai taɓa yi ba? Aka ninka zogale, aka ƙara da saiwoyi da ɓawon itatuwa da duk wanda ya zo dubiya ya kawo. Sai da ƙafafunsa suka kumbura, cikinsa ya tasa gaba riga ta daina rufe shi, sannan aka ɗauke shi zuwa wani asibiti a Katsina.

Likitan bai yi masa faɗa ba. Ya ce akwai ƙwayar ciwon hanta a jininsa da ya daɗe yana ɗauke da ita bai sani ba, kuma hanta mai fama da wannan ita ce aka yi shekaru ana ɗura wa tina ta fata da ta hanci. Yanzu ta ƙanƙance ta yi tauri. Za a riƙa zuƙe ruwan cikin, za a ba shi magani, amma abin da ya mutu ba ya dawowa. Ya hana shi komawa rumfa, ya hana shi duk wani jiƙo.

Mutmainna ta zo dubiya da yamma, ta zauna a bakin gado ta kasa haɗa ido da shi. Yana kallon silin ya tambaye ta.

"Ɓerayen nan naki, suna nan?"

Ta ce babu. Ta ce bayan 'yan makonni ake yanka su, don a ciro hantar a duba.

"'Yan makonni," ya maimaita. "Ashe ba wanda ya jira ya ga tsufansu."

Ta fara kuka, tana cewa da ta sani da ba ta ba da labarin ba. Ya ce ta yi shiru, ai ta faɗa masa gaskiya gaba ɗayanta, yana sane. Ya juya fuskarsa bango.

Yanzu yana gida a Jibiya, a kan tabarma ƙarƙashin wannan bishiyar. Hannayensa sun yi laushi, sun yi tsabtar da ba su taɓa yi ba tun yana saurayi, babu ɗigon fenti ko a gefen farce. Talatu ce take zuba masa ruwan alwala, ruwan ya bi ko'ina ba abin da ya tare shi. A zaune yake salla.

Wata Juma'a Yusha'u ya zo gaishe shi bayan an sauko daga masallaci. Tun daga zaure warinsa ya riga shi shigowa, hannayensa fari fat har gwiwa. Maharazu ya kama hannun ya riƙe. Ya ce masa ya bar wanke hannu da tina, ya nemi safa, ya yaye tamfol ɗin nan iska ta riƙa ratsawa, kuma ya je a duba jininsa. Ya ce zogale abinci ne, a ci a ƙoshi, amma ba sulke ba ne.

Yusha'u ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai irin yadda ake yi wa marar lafiya.

"Haba, Maharazu, kada ciwo ya sa ka butulce. Mu duk a tasha mun yi magana. Ba don zogalen nan ba, ai da tuni mun binne ka."

Ya yi addu'ar samun sauƙi, ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce wa Talatu, tunda ta daina dafawa, ko za ta bari ya ɗan tsinki ganyen ya kai wa iyalinsa su dafa masa? Talatu ta dubi mijinta. Maharazu ya buɗe baki zai yi magana, numfashin bai kai ba. Yana kwance yana jin ƙarar rassan suna karyewa a samansa, ƙananan ganye suna zubo masa a kan ciki.