Anselmo da Taragon Gangaren Masunta

Kullum da sassafe, ko ana ruwa ko ana iska, Mestre Anselmo Queirós, wato Oga Anselmo a harshenmu, yakan kurɓe kofinsa mai ɗaci a tsaye, ya gangara tsohon garejin bakin kogi. Ba ya gaida kowa sai ya duba taragonsa. Ya shafa katakon, ya leƙa ƙarƙashi, ya cika akwatin yashin da ke hana ƙafafun zamewa a kan layin dogo. Sannan ya dafa bango ya yi tarinsa, wanda ƙurar birki ta bar masa a ƙirji.

Taragon lantarkin nan ya girme shi. Shi ya riƙa kai kakanninmu masaƙa yana dawo da su. Da aka kawo bas-bas, sai aka ja sauran taragon garin fili aka cinna musu wuta don a tsinci ƙarfe. Anselmo yana saurayi a lokacin, yana cikin waɗanda aka sa su watsa man. Na ƙarshen ne ya tsaya kai da fata sai da aka bar masa, ya kuma ƙarar da ƙarfinsa a kansa.

Ma'aikatan tarago suna da al'ada. In ɗayansu ya rasu, a fito da taragon babu fasinja, a rataya hular mamacin a gaba, a haura Gangaren Masunta zuwa maƙabarta, jama'a na bi a ƙasa. Kai ne ka raka su ɗaya bayan ɗaya, Mestre, yawanci ƙirji ne ya cinye su. Mun sha ganin ka kana tuƙi, haɓarka na rawa, hannunka bai yi ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, mutumin nan akwai rowar ilimi. Bai taɓa barin wani ya kama sandar tuƙin ba. Bara idonsa ya dushe, aka karɓe masa izinin tuƙi. Hukuma ta ce tunda babu direba, za a cire injin a girke gangar jikin a dandali, a riƙa sayar da kofi a ciki.

Dona Graciete, wata direbar bas kuma matar tsohon abokin aikinsa Belmiro da ke kwance ba lafiya, ta same shi a gareji.

"Mestre, Belmiro ba zai ga Kirsimeti ba. Wa zai raka shi?"

"Wannan ba bas ba ne, Graciete. Ku da kuke taka birki kamar masu kashe kyankyaso."

"To rungume shi ku ruɓe tare, tsoho mai taurin kai."

Washegari ya miƙa mata sandar, yana kallon wani gefe.

Belmiro ya rasu lokacin da ganye ke zuba. Ran jana'iza aka tashi da yayyafi, dogo ya yi santsi, danshi ya toshe bututun yashi. A tsakiyar gangaren ƙafafun suka hau juyawa a banza, taragon ya fara ja da baya, ga jama'a a bayansa. Anselmo ya sauko da bokitin yashi. Bai ganin dogon, don haka ya durƙusa yana lalube da hannu, yana barbaɗawa a bakin ƙafafun.

"Kar ki danne birki," ya ce wa Graciete da ke riƙe da sandar. "Ba shi wuta kaɗan-kaɗan, 'yata."

Haka ya riƙa jan gwiwa, yana tari yana zuba, har ƙofar maƙabarta. Ni dai ranar na yi kuka, kuma ba don Belmiro kaɗai ba.

Graciete ta samu izinin tuƙin tarago, hukuma ta janye maganarta. Amma ƙirjin Anselmo bai yafe masa ruwan ranar ba. Watan jiya ya daina zuwa gareji.

Mun gode, uban tarago. Ka hana a mai da tarihinmu rumfar kofi, ka kuma saki abin da ya fi maka komai tun kana raye. Ku kuma masu jini a jika, taragon nan direba ɗaya ce da shi har yanzu, ita ma furfura ta kama ta. Ku je ku koya tun Mestre yana da numfashin yi muku faɗa.

Ranar Lahadi Graciete ta kai masa romon kifi. Ya sha kaɗan, ya ture kwanon.

"Ranar tawa rakiyar," ya ce, "ki tafi a hankali. Babu wanda zai sauka ya zuba miki yashi."