Tsohuwar Alamar Abokina

Shekarun baya, ina aiki a wani ofishin kula da dabbobi a Tawa, na gaji wata 'yar manhaja daga abokina. Shi ya rubuta ta don tsara rigakafin shanu a ƙauyukan Kalfu da Barmou, shi ne kuma ya koya mini aikin tun ban san komai ba. Sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa can gabas, ya bar ni da ita.

Ana gab da fita rigakafi na sabunta kompila, wato abin da ke juya rubutunmu zuwa yaren na'ura. Ai kuwa allon ordinatar, wato kwamfuta, ya cika da gargaɗi. Wai alamar <> da abokina ke sawa don cewa abu biyu ba ɗaya ba ne ta tsufa, in sauya ta da !=, don an kusa daina karɓarta. To, na ji. Abin haushin, kowane layi sai an yi mini gargaɗin sau biyu, kalma da kalma, kamar gwaggona in ta aike ka kasuwa.

Gyaran bai kai a sha shayi ba, amma na ƙi. Duk inda na ga alamar nan hannun abokina nake gani, kuma kewarsa nake yi sosai. Na lalubo yadda ake rufe wa kompila baki, na rufe, ina ta jin kaina gwani. Sai shugabana ya leƙo ya ce in manhajar ta tsaya ana tsakiyar aiki shanun mutane suka rasa allura, ni zan amsa.

Na kira abokina ina kame-kame. Ya yi dariya har da tari. "Kai, mi kaka jira? Alamag ga ni kaina na bar ta tun tuni. Hwaɗin da shika yi ma sau biyu, ya san halinka na. Share su duka. In kewata kaka yi, kira ni, ba ni cikin ordinatar!"

Na share su, na buɗe wa kompila baki, allo ya yi tsit. Rigakafi ya tafi lami lafiya.

Har yau in na tuna sai na yi dariya. Na tsaya gadin alama, alhali mai ita yana raye, waya kawai ce tsakaninmu. Tun daga ranar, Juma'a ba ta wucewa ba mu gaisa ba.