Hannun Mubina Mai Gumi

Duk wanda ya sayi shinkafa a Kura wajen shekarar 2004 ya san gumin Mubina, wato turararriyar shinkafarta, ko da bai san fuskarta ba. Ba ta ƙona shinkafa, ba ta sauke ta ɗanya, masu injin casa har rububinta suke yi. Mu maƙwabtanta kuwa wani abu daban muka sani: tana da farfaɗiya. Ciwon ne ya kashe mata aure, ya dawo da ita gidan yayanta Datti, inda ko kofin shan ruwanta daban yake, don mun yarda duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, to ya ɗauka.

Wani likita a Kano ya ɗora ta a kan wasu fararen ƙwayoyi, safe da yamma. Ya ja mata kunne: kada ta tsallake, kada ta daina ko da ta ji garau, kada ta ba kowa, kada kuma ta tsaya ita kaɗai a bakin wuta ko bakin ruwa. Mubina ta riƙe maganar nan gam. Shekara uku ba ta faɗi ba. Ta murmure, ta ƙara gangar gumi ta biyu, har dariyarta muka fara jiyowa ta katanga.

Datti manomin rani ne, irin mutanen da ko ƙaya ta soke su sai unguwa ta ji. Ƙafafunsa suka fara zugi kamar ana tsira masa allura. A wani asibiti a Kano suka ba shi maganin wata ɗaya, ya duba ya ga irin na ƙanwarsa ne sak. Da nasa ya ƙare, sai ya ga me zai kai shi Kano, ga magani a cikin gidansa.

"Ba ni naki, Mubina. Ke ai kin warke."

"Yaya, likita cewa ya yi kada in daina."

"Likitan ne ya ba ki ɗakin kwana? Yaushe rabonki da faɗuwa? Ni ƙafa tana ci na, ke kina haɗiyar magani don marmari."

Ta miƙa masa. A gidansa take zaune, me za ta ce?

Kwana biyar bayan nan, da hantsi, mu uku muna taya ta shanya a tsakar gida, tana kwasar shinkafa daga ganga, sai ta sandare. Ta faɗi, hannunta na dama cikin garwashi, kumfa na fita ta bakinta. Gaskiya zan faɗa: ba wadda ta taɓa ta. Ni Zuliha mai ba ku labarin nan, baya na ja ina tattare zanena. Muka yi ta ƙwala wa Datti kira. Yana zaure, ya haɗa ƙwaya biyu ya sha don ƙafar ta yi saurin lafawa, barci ya danne shi. Daga ƙarshe ɗaya daga cikinmu, Rahma, ita ce ta ɗauko muciya ta ture hannun daga wutar.

Yatsu uku aka yanke mata a asibiti a Kano. Wata nas ta gaya mana yawu ba ya ɗaukar ciwon, da mun janye ta mun kwantar da ita ta gefe, da ko tabo ba za ta yi ba. Har yau maganar nan tana ci na, kuma na tsani kaina a kanta.

Ranar sallama ni na raka Datti. Likita ya tambayi Mubina dalilin da ya sa ta daina shan magani. Datti ya riga ta buɗe baki.

"Taurin kai ne, likita. Na yi faɗan har na gaji."

Mubina ta kalli bango.

Aka ba ta maganin wata biyu, ta matse ledar a hammata saboda hannun yana naɗe. Muna shiga motar Kura, Datti ya zare ledar.

"Da wane hannun za ki ɓare? Ni zan riƙa ba ki."

Kafin mu kai Kwanar Dawaki ya ɓare guda ya haɗiye, ko ruwa bai nema ba.