Yadda Hamdatu Ta Koyi Katse Dattijo

Ranar Lahadin da Hamdatu ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, sanyi ake yi irin wanda ke shiga har cikin haƙori. Watan Fabrairu ne na shekarar 2015. Ƙanƙarar da ta zuba tun farkon mako ta ƙi narkewa, ta daskare a bakin titi ta yi baƙi ƙirin, motocin layinmu na Morris Heights, nan Bronx a ƙasar Turawa, duk sun nutse har taya. Ina zaune kusa da hita ina gasa ƙafa sai na ji bugun, sau uku a hankali, kamar mai ba ƙofar haƙuri.

Na san ita ce. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya, ni a hawa na uku, ita da mijinta Saani a na huɗu, kuma duk benen babu mai buga ƙofa haka sai ita. Ta shigo ta rusuna. Ta tambayi kwanana, da sanyi, da gwiwata, da mutanen gida can Katsina waɗanda ba ta taɓa gani ba. Sai da gaisuwa ta ƙare tas, sannan ta ce, idonta a ƙasa:

"Baba Tsoho, alfarma na zo nema. So nake ku taimake ni in koyi rashin kunya."

Na ce mata ta zauna tukuna.

Hamdatu 'yar zangon Kumasi ce, a hannun kakarta ta tashi. Da ta zo ƙasar nan, aikin da ta fara samu shi ne kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, abinci, magani, sai zaman sauraro. A wannan aikin ba ta da na biyu. Akwai wata tsohuwa da ta kori masu aiki bakwai, amma ta riƙe Hamdatu shekara huɗu, don ita kaɗai ce ke jin labari ɗaya sau hamsin ta kuma yi mamaki a inda ya dace. Da wannan aikin ta yi karatu har ta zama nas. Ta yi shekara tara a ɗakin waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, inda yawancinsu ke kwance da bututu a baki, inji na yi musu numfashi. Can ma yabo ta sha.

Daga nan ta koma jami'a neman digiri na biyu, don ta zama irin nas ɗin da ake ba izinin duba mara lafiya da kanta, ta gano cutarsa, ta rubuta masa magani. NP suke ce musu. Fannin da ta zaɓa shi ne manya da tsofaffi masu ciwon gaggawa. Ni ban wuce aji uku na firamare ba, aikina gadin garejin motoci ne har na ajiye, amma na ga littattafan. Guda ɗaya ya isa a tare ƙofa da shi.

Duk jarrabawar takarda ta ci. Wadda ta kayar da ita ba ta takarda ba ce. Makarantar na ɗauko tsofaffin 'yan wasan kwaikwayo, a koya musu ciwo, su kwanta su yi ta nishi. A ƙasar nan har ciwon ƙarya sana'a ne. Ana tura ɗalibi ɗaki shi da tsohon, kyamara na kallo, a ba shi minti ashirin ya yi tambayoyi, ya duba jiki, ya faɗi abin da ke damun tsohon.

Wanda aka ba ta a watan Disamba wani farin dattijo ne mai ciwon ciki. Ta tambaye shi yaushe ya fara. Ya ce tun rasuwar matarsa, sai ya kama labarin matar, da inda suka haɗu, da karensu da shi ma ya mutu. Da gangan aka sa shi yin haka, don a ga yadda ɗalibi zai maido shi kan hanya. Hamdatu ta ce tun a minti na uku ta gane cikinsa ne ke zubar da jini saboda maganin ciwon gaɓɓai da yake sha. Tambaya biyu kawai suka rage mata. Amma dattijo bai gama magana ba. Ta tsaya ta harɗe hannu tana cewa ayya, har aka kaɗa ƙararrawa.

Shekara tara tana jinyar mutanen da ba sa iya magana, kafin nan kuma tana cin abinci da sauraro. Ba a taɓa sa ta katse babba ba.

An ba ta dama guda a watan Afrilu. In ta sake faɗuwa, an sallame ta daga karatun ke nan, shekara biyu sun tafi a banza.

Da ni ta fara gwadawa a ranar. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Baba, me ke damun ku?"

Na ce, "Babu komai, alhamdu lillahi."

"Ku yi kamar akwai."

"To, da sauƙi."

Cikin minti biyu muka gama. Ba ta ce ba ni da amfani ba. Allah ya ƙara lafiya ta ce, sannan ta tambaye ni ko zan iya riƙe agogo.

Ni na ba ta shawarar Alhaji Abdul-Fatawu. Duk wanda ke salla a masallacinmu na Tremont ya san shi. Shekara ashirin da shida yana tuƙa tasi a garin nan, kuma ban yi zaton akwai fasinjan da ya taɓa samun damar faɗa masa fiye da inda za shi ba. In ya riƙe hannunka a bakin masallaci, ka yi ban kwana da bas biyu. Da na kai masa saƙon cewa ana gayyatarsa duk Lahadi ya je ya yi magana, kuma akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, sai da ya dube ni ya ga ko zolaya ce.

Haka muka fara, duk Lahadi bayan azahar, a falonsu. Saani na zaune a gefe da kwanonsa, ni da agogo. Hamdatu kan rubuta wa Alhaji ciwon da zai yi a kati, ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihu bai duba ba.

"Baba Alhaji, yaushe ciwon ya fara?"

"Ɗiyata, kafin ki san ciwo sai kin san mutumin da ciwon ya kama. Shekarar da aka kori baƙi daga Legas, ni ina tuƙa wata tsohuwar bas, mai ita wani Bayarabe ne, mutumin kirki, sai dai rowa. To ran nan da safe..."

Ina kallon bakin Hamdatu. Ya buɗe, ya rufe. Ta ɗaga ɗan yatsa, ta mayar. Minti ashirin na cika in ɗaga hannu, lokacin Alhaji bai ma tayar da bas ɗin ba.

Saani ya ce mata, "Ikon Allah. Ni ko rabin magana ba kya bari in kai."

Ta ce, "Kai ai ba ka tsufa ba tukuna. Yi haƙuri, layi na zuwa kanka."

"Ki ɗauka shi ma mijinki ne mana."

Alhaji ya ce, "Kai yaro, ci tuwonka. Ina na tsaya?"

Lahadi biyar muka yi haka. Mafi nisan da ta kai shi ne ranar da ta ce "Baba," da ɗan ƙarfi, ya ce "Na'am," ta ce ko a ƙara masa ruwa. Bayan ya tafi ta zauna ta dafe kai. Ta ce in ta buɗe baki sai ta ji kamar kakarta na tsaye a bayanta. Irin kakar nan ni ma ina da ita.

Lahadi ta shida ta faɗo ƙarshen Maris, saura kwana goma jarrabawa. Ƙanƙara ta fara narkewa, titi duk caɓi. Lifta ta lalace, kamar yadda ta saba. Mun daɗe muna jin Alhaji a matakala kafin ya iso. Ya shigo da silifas da safa, ya zauna, ya sa kati a aljihu, ya ɗora labarinsa daga inda ya tsaya, an iso iyakar Togo. Sai dai a ranar labarin a gutsure yake fitowa. Ya faɗi kalma biyar ya tsaya, ya faɗi huɗu ya tsaya. Na ɗauka matakalar ce. Hamdatu kuwa ta daina cewa ayya. Ƙirjinsa take kallo, leɓenta na motsi kamar mai lazimi.

"Baba, ku dakata."

Cokalin Saani ya tsaya a hanya.

Alhaji ya ce, "Ina cikin magana."

"Na sani. Matashin kai nawa kuke kwana da shi?"

"Sojan da ke kan iyakar ya ce mini..."

"Baba. Matashi nawa?"

Ya dube ni, kamar ni na haife ta. Sannan ya ce ya bar gado mako biyu ke nan, a kujera yake barci, kwanciya tana toshe masa numfashi, kuma dama gado na ragwaye ne.

"Ku cire safa."

"A gaban mijinki?"

"Har a gaban liman. Ku cire."

Ya cire. Ƙafar ta kumbura tana ƙyalli. Ta danna da babban yatsa ta ɗaga, gurbin ya zauna kamar an danna malmalar tuwo. Ta sa abin sauraron ƙirji a bayansa, ta ce ya ja numfashi. Ya fara cewa wani abu, ta ce ya yi shiru. Ta ce wa Saani ya kira motar asibiti yanzu.

Alhaji ya zaro katin daga aljihu, karo na farko ya duba. Ya ce, "Nan ciwon kai aka rubuta."

Na dubi agogo. Minti shida. Babu wanda ya tambaye ni, sai na riƙe abina.

Gaskiya ɗaya zan faɗa. Silifas ɗin nan na gan su Juma'a biyu a jere a bakin masallaci, cikin wannan sanyin. Na ga yana salla a zaune. Na ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na wuce. Duk sahun gaba haka muka yi. Babba ya ce da sauƙi, wa zai ce masa ƙarya yake?

Zuciyarsa ce ta gaji, ruwa ya taru a huhu. Kwana tara ya yi a asibiti. Likitan da ya karɓe shi ya ce da an ƙara kwana biyu da labari ya sha bamban. Matarsa Hajiya Damata ta zo har gidan su Hamdatu da turmin atamfa ta yi godiya, har da hawaye. Da ta fita kuma ta gaya wa matan masallaci cewa yarinyar nan tana da ilimi, amma boko ya cinye mata kunya, don ta sa Alhaji ya tuɓe safa a gaban maza. Shi kuwa duk wanda ya je dubiya sai ya ji yadda aka katse shi sau uku a zama ɗaya, abin da ko 'yan sandan garin nan ba su taɓa yi masa ba.

Ranar jarrabawa da safe na gan ta ta taga tana tafiya tashar jirgin ƙasa lamba huɗu, ba ta waiwaya ba. Da ta dawo na tambaye ta, ta ce an yi. Mako guda muna jira. Ban ƙara tambaya ba, amma na lura ta rame.

Ranar da sakamako ya fito ta sauko da takarda, Saani na biye da ita yana danne dariya. Ta ci. A minti goma sha huɗu ta gama, ta gano ciwon, ta faɗi maganin, babu kuskure ko ɗaya. Sai dai farfesar da ta kalli hoton da kyamara ta ɗauka ta yi rubutu a ƙasa, Hamdatu ta fassara mini. Ta ce ɗalibar ta ƙware, amma ta katse mara lafiya sau goma sha ɗaya. Ya kamata ta koyi barin tsofaffi su kai ƙarshen maganarsu, don akwai al'ummomin da ke ɗaukar girmama manya da muhimmanci ƙwarai. Har ta haɗa mata da wata ƙasida ta karanta a kan hakan.

Na ce, "Kin karanta?"

"Na karanta, Baba. Shafi goma sha biyu."

"Me suka ce?"

"Sun ce mutanen Afirka ta Yamma ba sa son a katse su."

Saani ya fita waje don ya yi dariyarsa a sake.

Ta kammala karatun a bazarar shekarar, ta ci jarrabawar lasisi, aka ba ta izinin rubuta magani. Sun tashi daga benenmu sun koma titin Grand Concourse, gida mai liftar da ke aiki. Yanzu shekara uku ke nan tana aiki a wani asibiti a nan Bronx, a sashen tsofaffi masu ciwo mai tsanani, kuma ɗaliban da ke wannan karatun a ƙarƙashinta suke koyon aiki.