Yashin Akwatin Baba Na'ibi

Mahaifina, Baba Na'ibi, bai iya zama ba. Ko a tabarmar cin abinci za ka ga ƙafarsa ɗaya a naɗe, ɗayar kuma tana shirin tashi. Mutanen Karantina, unguwarmu da ke kudancin Jidda, sun san shi da abu biyu. Kafinta ne mai tsinto akwatunan shayi a bakin tashar jiragen ruwa ya mayar da su kujeru da kabad. Sannan duk shekara, da zarar alhazai sun fara ɗaure kaya, sai ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Bana kam da ni za a koma." Ya fi shekara talatin yana faɗin haka, har maƙwabta suka daina amsa masa.

Daga Gumel ya fito yana saurayi, a ƙasa. Shekara shida ya yi a hanya, yana tsinkar auduga a Sudan, yana dakon ruwa, har ya samu ya tsallako teku daga tashar Sawakin. Da ya sauke farali ya ce zai huta wata biyu. A cikin wata biyun nan nasa ne ya auri mahaifiyata Aishatu, aka haife ni, na yi wayo, na yi aure. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, Mastura, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai "Uwata".

Mahaifiyata ta rasu, bayan shekara biyu zazzaɓi ya ɗauke mijina, na dawo gidan Baba ba ɗa ba jika. Gyaɗa nake soyawa cikin yashi in sayar a bakin ƙofa. Ba na shiga gidan kowa, kuma ba na son a shigo mini. Matan unguwa suna cewa girman kai ne da ni. Ni kuwa na gaji ne da jin "Allah ya ba ki wani", kamar miji takalmi ne da ya tsinke.

Mu uku ne a gidan, in an haɗa da Gajere. Gajere ɗan ɓeran sahara ne, irin wanda Larabawa ke kira jarbu'u, launin yashi, farin ciki, da manyan idanu baƙaƙe da ɗan tuntu a bakin wutsiya. Su biyu suka zo mana cikin buhun gawayi, Baba ya ƙera musu akwati ya zuba musu jan yashi na bayan gari. Da ɗayan ya mutu, Gajere ya koma haƙar kusurwa guda ta akwatin, daga safe har yamma, ƙarat-ƙarat, bai ci gaba ba kuma bai daina ba. Baba na can yana zarya tsakanin ƙofa da rumfa, wannan yana nan yana haƙa katako. Wata rana har na ce da su, "Don Allah ɗayanku ya zauna, kaina zai fashe."

A Hajjin shekarar 1968 wani alhaji mutumin Gumel, Malam Idris, ya sauka a gidanmu. Shi ya gaya wa Baba cewa ƙanwarsa Dela, wadda ya bari tana shekara bakwai, tana nan da rai. Idonta ya fara tafiya, kuma duk alhajin da ya koma sai ta sa an kai ta wurinsa ta tambaya ko ya ga Na'ibi.

A wannan karon Baba bai tsaya a ƙofa ya yi shela ba. Sai kawai ya sauko da tsohuwar adakarsa ya goge, ya ba wani zarto da guduma. A nan na gane bana da gaske yake. Malam Idris zai je Madina ya dawo, jirgin da zai haye da su Sudan zai tashi nan da sati biyar. Baba ya ce in zo mu tafi. Na ce ina? A nan aka haife ni, a nan kabarin uwata yake, Hausar bakina ma rabi Larabci ce. Ban san kowa a Gumel ba, kuma ba wanda ya san ni.

"Tayyib, na ji," in ji shi. "Amma abu ɗaya, Uwata. Ba zan tafi in bar Gajere shi kaɗai ba. Sai na ga ya sami 'yan'uwa."

Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Muddin Gajere bai sami abokai ba, ina da uba.

A bayan katangarmu ta kwano akwai wasu sababbin maƙwabta, Hausawan Sudan daga Mai Wurno. Mijin, Abdulghani, direban babbar mota ne a hanyar Madina. Matar, Bashira, doguwa ce mai dariya da ƙarfi, irin matan da ke gaishe ki sau uku a rana ko ba ki amsa ba. Ni ban cika amsawa ba. Baba ya yi wa Abdulghani magana, ba a yi sati ba ya kawo 'yan jarbu'u biyu ƙanana, maza, cikin gwangwanin madara mai huji a murfi.

To, Baba mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana saukar da alhazai. A wurinsa baƙo ba ya tsayawa a ƙofa, kuma ba a ware masa kwano. Haka ya yi wa waɗannan. Ya zuba gero da 'ya'yan kankana a murfi guda, ya ajiye a tsakiyar akwatin, ya yi bisimilla, ya ce "Marhaba da baƙi," ya juye su a gaban Gajere.

Ban taɓa ganin abu mai sauri haka ba. Gajeren da muka sani da ladabi ya dira kan ɗaya daga cikinsu, suka dunƙule suna birgima, yashi yana tashi, ana tsuwa. Baba ya cusa hannu zai raba, Gajere ya dasa masa haƙori a babban yatsa. Kafin a fitar da su kunnen ƙaramin ya tsage. Baba ya tsaya jini na ɗiga daga hannunsa, yana ta maimaita, "A gidana? A gidana za a ciji baƙo?" Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi ne ya kama ni har na juya fuska.

Sai muka ji muryar Bashira ta kan katanga. "Ya Ammi, Baba, ma'alesh, yi haƙuri, ba mugunta ba ce. Wari suke bi. A garinmu in za a ba tunkiya ɗan da ba nata ba, sai an shafa masa warinta tukuna. Ka raba su, amma su riƙa shaƙar juna."

Kafin la'asar Baba ya aro guduma ya raba akwatin biyu da ragar waya irin ta taga. Gajere a ɓangare ɗaya, ƙananan a ɗaya. Sau uku a rana za a musanya su, da safe, da azahar, da la'asar, kowa ya kwana a yashin ɗan'uwansa har warin ya zama ɗaya. Sharaɗin kawai kada a taɓa yashin. Da yake yatsan Baba a ɗaure yake da tsumma, ya ce ba zai iya kamun ba, Bashira ce za ta riƙa zuwa ni kuma in riƙe mata gwangwani. Kuma kullum in lokacin ya yi sai ka neme shi ka rasa, wai ya je tashar jirgi jin labari.

Haka matar nan ta riƙa shigo mini gida sau uku a rana. In an gama da ɓeraye ba ta tafiya, sai ta ja kujera ta kama ɓarar gyaɗata tana zuba labari: surukarta, ruwan Nilu, yadda Abdulghani ke minshari. Ina ɗaure fuska, ba ta ko lura. A rana ta biyar na ji kaina ina dariya, na yi sauri na mayar da ita tari.

Ranar farko da na canja yashin, wallahi tsabta ce ta sa ni. Akwatin ya fara ɗoyi, ga tankaɗaɗɗen yashin suyata a buhu, sai na kwashe nasu na zuba sabo, na goge ragar da sabulu. Da la'asar na ga Gajere, wanda ya fara lafawa, ya koma cizon waya yana buga ƙafa kamar ranar farko. Na gane abin da na yi. Daga ranar kuma da gangan nake yi, duk bayan kwana biyu, in Baba ya tafi masallaci.

Sati uku aka yi haka. Baba ya rame. Yana zuwa tasha sau biyu a rana, ya dawo ya tsuguna gaban akwati, ya tashi, ya buɗe adaka, ya rufe. Abinci loma biyu yake yi. Malam Idris ya dawo daga Madina ya ce jirgi ranar Alhamis ta sama. Ina ganin duk wannan, raina yana ƙuna, kuma ban fasa ba.

Wata azahar ina durƙushe da tasa cike da tsohon yashi a hannu, sai na ga inuwa a kaina. Bashira ce, ta zo da wuri. Ta dubi tasar, ta dubi buhun, ta dube ni. Na miƙe na shirya faɗa, don bakina bai taɓa rasa abin faɗa ba.

Ba ta ba ni dama ba. Ta ce a hankali, "Ya ukti, 'yar'uwata, ranar da Abdulghani zai taho da ni, da na sami yashin da zan canja, da na canja. Uwata tana bakin tashar jirgin ƙasa tana ɗaga mini hannu, ban sake ganinta ba."

Tasar ta kuɓuce mini. Tun rasuwar mijina ban yi kuka a gaban mutum ba, ranar nan na yi shi a kafaɗar matar da ko gaisuwarta ba na amsawa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Halas, shi ke nan. Ba zan gaya masa ba. Amma akwai wata tsohuwa a can Gumel da ake ja wa sanda zuwa gidajen alhazai." Muka tsuguna tare muka tattara tsohon yashin muka mayar cikin akwati.

Ban ƙara taɓawa ba. Bayan kwana shida muka tarar Gajere ya kwanta a cikin tsummokaran ƙananan maimakon ya watsar. Bayan kwana takwas suna haɗa hanci ta ramin waya. Ranar Talata da hantsi Baba ya ce a cire raga. Bashira ta tsaya da gwangwani a shirye, ni ina riƙe da murfi, ban ma san abin da nake roƙon Allah ba. Gajere ya tako ya shinshina mai tsagaggen kunnen, ya kifar da shi, muka ɗauke numfashi, sai ga shi yana lasar masa kunne. Kafin azahar su uku sun dunƙule wuri ɗaya suna barci, kuma ba mai haƙar kusurwa.

Baba ya zauna a ƙasa, ya naɗe ƙafafunsa duka biyu. Ban taɓa ganinsa haka ba.

"Uwata," ya ce, "yashin gyaɗa fari ne, nasu ja ne. Tun ranar farko na gani."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "To me ya hana ka magana, Baba?"

Ya kwance tsumman yatsansa ya miƙo mini hannun. Ko tabo da ƙyar ake gani. "Wannan ya warke tun satin farko. Gajere ɓera ne, da na kai shi bayan gari na sake shi, shi ke nan. Ke ce ba zan iya tafiya in bari ke kaɗai ba. Duk kwanan da kika ƙara, ke da Bashira kika ƙara wa."

Ranar Alhamis muka raka shi tasha. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗokin jirgi, shi ne na ƙarshe da ya hau, yana tafe yana waiwaye. Bayan wata bakwai wasiƙa ta zo. Ya isa Gumel, Dela ta shafa fuskarsa da hannu ta ce ya yi kama da babansu. Shekara biyu ya yi a can Allah ya karɓi abinsa. Har yau in na tuna sati ukun da na kusa hana su wannan gamuwa, sai in nemi gafarar Allah.

Amma ranar da muka dawo daga tashar, ina buɗe ƙofa gidan ya yi mini tsit, ba zarya, ba ƙarat-ƙarat. Na tsaya tsakar gida ban san inda zan sa kaina ba. Sai na lura an ɓalle falle ɗaya na kwanon katangar da ke tsakaninmu da su Bashira, an jingine shi gefe, ƙusoshin an jera su a kan bulo yadda Baba yake jera nasa. Ta wurin na hango ta a kan tabarma, ta zuba shinkafa a faranti guda.

"Yalla, taho, ya Mastura," ta ce, "zai huce."

Na wanke hannu, na sunkuya na shiga.