Harawar Kawu a Jikin Ma'ajiyar Nakiya

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da abokina mai a-kori-kura, da alluna jajaye jawur a bayan mota. Rubutun allo ne sana'ata. Wani kamfanin fasa dutse a tsakanin Gaya da Ajingi ya ba ni aikin allunan gargaɗi na ma'ajiyar nakiyarsu, saboda masu duba aiki suna tafe kuma tsofaffin allunan sun koɗe. Fentin na ƙarshe bai gama bushewa ba, don haka duk ramin da muka faɗa sai na leƙa baya.

A Wudil muka sha shayi a tsaye. Ƙosai ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya girma. Abokina yana ta santin soyayyen kifi, ni ina ta duban agogo. Daga Gaya muka sauka kwalta muka bi hanyar yashi, gonaki sun zama fili, sai kara a tattare da awaki suna kiwo. Ban so ma mu tsaya shan fura ba, amma direba ba ya tuƙi da yunwa.

Ma'ajiyar tana can nesa da ramin dutsen: kwantenoni biyu, kowacce da shingen waya, da dogon ƙarfe saboda tsawa. Mai kula da wurin ya ce nakiya daban, abin tayar da ita daban, ba sa kwana ɗaki ɗaya. Ba a shiga da ashana ko taba, kuma dole kewayen ya zama tas, ko busasshiyar ciyawa ba a bari.

Da muka zagaya baya don kafa allo, sai na hango wani tuli. Harawa ce dami a kan dami, an jingina ta da shinge, ta fi tsayina. Mai kula da wurin ya dafe kai, ya ce jiya da yamma babu ita, kuma in ba a kwashe ba yau zai kira hukuma. Maigadin wurin ya faɗi sunan mai ita. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ke noma a wajen Toranke.

Na same shi a gindin darbejiya. Ko gaisuwa ban iya ja ba.

"Kawu, ka san abin da ke cikin kwantenar nan kuwa?"

"Na sani sarai, ɗan nan. Bara wuta ta tashi daga murhu ta cinye mini harawa a kan rumfa, na sayar da raguna a rame. Duk faɗin ƙasar nan, nan ne kaɗai aka hana kunna wuta, ga mai gadi kuma. Ina ya fi nan?"

Harawar nan ita ce abincin ragunansa har babbar sallah, ragunan kuma su ne kuɗin takin baɗi. Na ce masa wutar da ake tsoro ba ta ciki ba ce, ta waje ce: maƙwabci ya ƙona gona, iska ta ɗauko tartsatsi, harawa ta kama, daga nan ba ragunansa kaɗai ba, har gidajen kusa. Ya riƙa murza hula. Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni.

A motar abokina muka kwashe, sawu bayan sawu, ƙaiƙayi ya cika mana riga. Muka ɗora ta a kan wata tsamiya a gonarsa, nesa da gida, nesa da kamfani. Kawu bai yi godiya ba. Sai da muka kunna mota ya matso taga.

"In fenti ya rage, ka rubuto mini allo irin nasu. Ja. Ka ce an hana wuta."

Mun shigo Kano bayan la'asar, hankalina yana can gindin tsamiya. Shekara da shekaru ina rubuta "an hana", ban taɓa tambayar ina wanda aka hana zai nufa ba. Allon Kawu yana shago yana bushewa. Babu doka a bayansa, babu maigadi, amma Juma'a zan kai masa da kaina.